Nazarin lamari: ƙarambau a gidan da aka yi wa yara huɗu rigakafi, Birnin Kebbi

Gidan da mutanensa

Gidan wani ma'aikacin gwamnati ne a wata unguwa ta Birnin Kebbi. Yana da mata biyu, kuma lokacin da abin ya faru yara takwas ke gabansa. Biyar na uwargida ne, biyu na amarya, ta takwas 'yar riƙo ce mai shekara 10 da aka kawo daga wani ƙauye a yankin Gwandu. Akwai kuma ɗan wansa, saurayi ɗan shekara 19, wanda ke kwana a shagon ƙofar gida yana karatu a cikin gari. Amarya tana da cikin wata shida.

Allurar ƙarambau ba ta cikin jerin rigakafin da gwamnatin Najeriya ke yi wa yara kyauta. Ana yin ta tarin fuka, da shan inna, da penta mai kare cututtuka biyar, da ƙyanda, da shawara, da sanƙarau, amma mai son ta ƙarambau sai ya nufi asibitin kuɗi. Saboda haka ba ta da gurbi a rajistar asibitin unguwa, kuma babu ma'aikacin da zai ƙwanƙwasa ƙofa ya tambayi ko an kammala ta.

2016 zuwa 2017: allurar da aka yi a Abuja

A Agustan 2016 maigidan yana aiki a Abuja, matarsa ɗaya, 'ya'yansa huɗu: babbar mai shekara 5, tagwaye maza 'yan shekara 3, sai ƙaramar da ba ta daɗe da cika shekara ba. Likitar yara a wani asibitin kuɗi ta ba shi shawarar allurar, ya biya, aka yi wa duka huɗun rana ɗaya. An ce ya dawo da su domin allura ta biyu. A 2017 ya kai babbar ita kaɗai, don takardar makarantarta ta nemi a cike wurin. Sauran aka ce sai wani wata. Kafin watan ya zo aka yi masa canjin wurin aiki, suka dawo Kebbi a Disamban wannan shekarar. Yaran da aka haifa bayan dawowa, ɗaya na uwargida da biyu na amarya, ba a yi musu ba. A bakin mutanen gidan kuwa magana ɗaya ce: manyan yaran nan an yi musu allura, ƙarambau ba zai kama su ba.

26 ga Fabrairun 2024: yaro na farko

Autan uwargida, ɗan shekara 5, ya dawo daga islamiyya da zazzaɓi. Washegari, 26 ga Fabrairu, ƙuraje suka fito masa a ƙirji da baya. An fara cewa ƙurajen zafi ne, sai kakar yaran ta ce ƙyanda ce. Aka je kemis, aka karɓo farasitamol da maganin kashe ƙwayoyin cuta na kwana biyar, aka kuma riƙa yi masa wanka da ruwan ganyen dogon yaro. Farasitamol ɗin ya sauke zazzaɓi. Ɗayan maganin bai taɓa ƙurajen ba, ba kuma zai taɓa ba, domin ƙwayar ƙarambau ba irin wadda yake kashewa ba ce.

A rana ta uku ƙurajen suka ɗuri ruwa, suka bazu har fatar kai da cikin baki, sannan kowa ya gane ƙarambau ne. Aka ware yaron a ɗakin kakarsa, aka ba shi kofinsa da kwanonsa. Ihu ne bayan hari. Mai ƙarambau yana fara yaɗa shi kwana ɗaya zuwa biyu kafin ƙurji ya fito, ta numfashi da tari, kuma yana ci gaba har sai duk ƙurajen sun bushe sun yi ɓawo. Yaron kuwa a tabarma ɗaya ya kwana da 'yan uwansa duk waɗannan kwanakin.

11 zuwa 14 ga Maris: zagaye na biyu

Cutar kan ɗauki kwana 10 zuwa 21 kafin ta bayyana a jikin wanda ya ɗauka, yawanci 14 zuwa 16. Ranar 11 ga Maris, wato ranar farkon azumi, 'ya'yan amarya biyu suka kwanta, mai shekara 4 da mai shekara 2. Wannan bai ba kowa mamaki ba. Abin da ya tayar da hankali shi ne ranar 13, da uwargida ta ga ƙuraje a bayan yarinyar nan da aka yi wa allura tana jaririya, yanzu tana da shekara 8. Da aka tuɓe sauran aka duba, sai ga wasu 'yan jajayen ƙuraje a gefen cikin ɗaya daga cikin tagwayen. Ya ce ai tun shekaranjiya ya gan su, ya ɗauka cizon sauro ne. Kwana biyun nan duk ya je makaranta.

A daren ne ƙanwar maigidan, wadda nas ce a wani asibiti a yankin Argungu, ta iso. Ta tarar da shi a fusace.

"Kin gani ko? Kuɗi na zuba don ɗiyana, ashe ruwa aka ɗura musu. Wagga allura ta jabu ce, ko kuma ta daɗe da tashi aiki."

"Yaya, ka bari mu ƙirga tukuna. Katinsu na ina?"

Ba wanda ya san inda katin yake.

Ta sa aka yago mata littafin rubutu na makaranta mai shafi arba'in, ta ba kowane mutum na gidan shafinsa, har da masu lafiya. A kowane shafi ta ja layuka: shekarun haihuwa, ko ya taɓa yin ƙarambau, allura nawa aka yi masa da ranakunsu, ranar da ƙurji ya fara fita, zafin jiki safe da yamma, yawan ƙuraje, da ranar da suka bushe. Ƙirgar ita ta fi cin lokaci. Da fitilar waya take yi bayan an sha ruwa, tana bin jiki sashe sashe, kai da wuya, ƙirji, baya, hannuwa, ƙafafu, tana ɗiga alamar biro kusa da kowane ƙurji don kada ta maimaita. A jikin ɗan tagwayen da ya kamu ta sami 12, ba ko ɗaya mai ruwa. Yarinyar ta sami 38, kaɗan ne suka ɗuri ruwa, zafin jikinta bai wuce digiri 37.8 ba. 'Ya'yan amarya kuwa da ta haura 200 a kowannensu sai ta ajiye biron. Kakar ta ce ai ido ba mudu ba ne amma ya san kima, ita kuma ta ce a takarda mudun ake so.

Ta hana abubuwa biyu nan take. Na farko asfirin, da duk wani haɗin kemis da ba a san abin da ke ciki ba, domin asfirin ga yaro mai ƙarambau yana iya jawo mummunar cutar da ke kumbura ƙwaƙwalwa ta taɓa hanta. Na biyu zuwa makaranta da islamiyya ga duk mai ƙurji, komai ƙanƙantarsa. Ta yanke wa yaran farce, ta kawo man kalamin na rage ƙaiƙayi. Wankan dogon yaro ba ta yi faɗa a kansa ba, ta dai ce a tace ruwan, a bar shi ya huce, kada a goge fata da ganyen. Duk da haka ƙaramin amarya ya sosa ƙafarsa har wuri ɗaya ya kumbura ya yi mugunya, a nan ne maganin kashe ƙwayoyin cuta ya sami aikin yi, likita ya rubuta masa.

A makon ne wata maƙwabciya ta baza cewa ƙyandar biri ce ta shiga gidan, tunda an sha jin labarinta a Najeriya tun 2017. Jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma ya zo ya duba. Ya ga ƙurajen sun fi yawa a gangar jiki, kuma ba sa tafiya tare, wani sabo, wani da ruwa, wani ya yi ɓawo, ga shi babu kaluluwa a wuya ko matsematsi irin ta ƙyandar biri. Ya ce ƙarambau ne, zancen ya mutu.

Manya biyu da ke cikin haɗari

Nas ɗin ta fi damuwa da amarya da saurayin fiye da yaran. A ƙasashe masu zafi mutane da yawa kan girma ba su yi ƙarambau ba, ba kamar Turai ba inda a da kusan kowa kan yi shi tun yana yaro, kuma ya fi tsanani ga babba da mai ciki. Mai ciki ba a yi mata wannan allura, don ƙwayar cutar ce mai rai da aka raunana. Amarya ba ta tuna ko ta taɓa yi ba. Aka kira mahaifiyarta a Jega, ta ce ta yi tana aji biyu, ta ce a duba tsakanin girarta akwai tabo. Aka duba, yana nan. Likitan da take awo wurinsa ya ce ta zo nan take idan ta ji zazzaɓi ko ta ga ƙurji. Ba ta kamu ba.

Saurayin bai taɓa yi ba, ba a kuma taɓa yi masa allura ba. Ranar 12 ga Maris shi ya ɗauki ƙaramin amarya a kafaɗa zuwa kemis. Allurar tana iya hana cutar ko ta rage mata ƙarfi idan aka yi ta cikin kwana uku zuwa biyar bayan cuɗanya da mai ita. Aka nema a wuraren da aka sani a cikin gari, ba a dace ba. Wani ya ce zai sa a kawo daga nesa a cikin kula da ƙanƙara, amma sai bayan mako guda. Nas ɗin ta ƙi, don kafin allurar ta iso lokacin ya wuce, kuma allurar da ake so ta zauna tsakanin digiri 2 zuwa 8 ba a ba direban tasha amanarta a zafin Maris.

Ranar 27 ga Maris ƙuraje suka feso masa. Ya ci gaba da azumi da zazzaɓi a jikinsa har sai da baffansa ya tsawata masa ya ajiye. Ranar 30 ya fara tari, numfashi yana yi masa wuya, aka kwantar da shi, aka ce cutar ta taɓa huhu. An sa masa maganin da a kwalinsa ake rubuta Acyclovir, ta jijiya. Maganin ya fi aiki idan aka fara shi cikin awa 24 da fitowar ƙurji, shi kuwa sai a kwana na huɗu ya samu. An sallame shi 6 ga Afrilu, ya yi Sallah a ɗaki, fuska duk tabo.

Afrilun 2024: neman kati

Neman ranakun allurar ya fi jinyar wahala. An kira asibitin Abuja, aka ce tsofaffin fayiloli ba su shiga kwamfuta ba, a sake kira. Da aka sake kira ba a sami komai ba. Tunanin iyayen ma bai taimaka ba: maigida ya rantse sau biyu aka yi wa kowa, uwargida ta ce ita dai ta san an je sau biyu amma ba ta tuna da wa aka je ba.

Bayan Sallah aka zazzage akwatin takardun aikin maigidan. A ciki aka sami katin babbar da hatimi biyu, na 2016 da na 2017. Katin tagwayen ya ɓata, sai rasit guda mai ɗauke da sunayen yara huɗun da kwanan wata, babu wani rasit na biyu. Katin yarinyar mai shekara 8 shi ya zo da sabon zance. Hatimin ƙarambau ɗaya ne, amma a samansa akwai wani: kwana 15 kafin nan an yi mata allurar haɗaka ta ƙyanda da hangum da rubela a wani asibitin daban. Ƙa'idar alluran da ke ɗauke da ƙwaya mai rai ita ce a yi su rana ɗaya, ko a raba su da aƙalla kwana 28. Idan aka matse tazarar, ta farkon kan iya rage wa ta biyun kamu, kuma bincike a Amurka ya nuna yaran da aka yi wa haka sun fi saurin kamuwa daga baya.

Da aka haɗa shafukan, lissafin ya tsaya haka. Mutum huɗun da ba su da allura kuma ba su taɓa yi ba, duka sun kamu, da ɗaruruwan ƙuraje, ɗaya ya kwanta asibiti, ɗaya ya yi gyambo. Cikin ukun da aka yi wa allura ɗaya, biyu sun kamu, da ƙuraje 12 da 38, sun warke cikin kwana biyar ba tabo. Na ukun, wato ɗayan tagwayen, gado ɗaya yake kwana da ɗan uwansa, rana ɗaya aka yi musu allura, ko ƙurji ɗaya bai fito masa ba. Babbar mai allura biyu ita ke shafa wa ƙannenta kalamin, ba ta kamu ba. 'Yar riƙon ma ba ta kamu ba, amma an cire ta daga lissafi don kakarta ta tabbatar ta yi a ƙauye.

Mayun 2024 zuwa 2025: abin da aka yi daga baya

Waɗanda suka kamu ba su buƙatar wata allura. Tagwayen da ya tsira aka kai shi asibitin kuɗi a Mayu, lokacin wata tafiya da mahaifinsa ya yi, aka yi masa ta biyu. Jinkirin kusan shekara takwas bai sa a sake daga farko ba. Wannan karon nas ɗin ta sa yayanta ya tambayi inda ake ajiye allurar, ya ga firjin da idonsa, ya sa aka rubuta sunan allurar da lambar kwalbarta a kati, ya ɗauki hoton katin a waya ya tura mata.

Amarya ta haihu a Yuni, lafiya. An yi wa jaririyar allurar ƙarambau a Yulin 2025 tana da wata 13, aka tabbatar ta yi nisa da allurar ƙyanda ta biyu da ake yi a wata 15. A Fabrairun 2025 ƙarambau ya sake zagaya ajin tagwayen, bai shigo gidan ba. An rubuta hakan a littafin, ko da yake ba hujja ba ce mai ƙarfi, tunda a lokacin kusan kowa a gidan ya riga ya sami garkuwa ta wata hanyar. An kuma ƙara layi ɗaya a kowane shafi domin ciwon nan na ƙuraje masu raɗaɗi da ke fitowa a jere a gefe ɗaya na jiki, wanda ƙwayar ƙarambau ke haddasawa bayan ta ɓuya shekaru a jijiyoyi. Ba a cike shi ga kowa ba tukuna.

Hukunci

Zargin jabu bai tsaya ba. Yaro da aka ɗura wa ruwa da wuya ya kwana da mai ƙarambau ya tashi da ƙurji 12 kawai, ko ya tashi da babu. Wanda ba shi da garkuwa kan fitar da 250 zuwa 500, kuma a gida ɗaya cutar kan kama har 9 cikin 10 na irinsu. Abin da ya sami yaran biyu sananne ne ga likitoci: ƙarambau da ya ɓulla bayan kwana 42 da yin allura, yawanci ƙasa da ƙuraje 50, zazzaɓi kaɗan ko babu. Haɗarinsa shi ne ba a gane shi, kuma yana yaɗuwa duk da sauƙinsa, kamar yadda tagwayen ya shiga aji da shi kwana biyu.

Kuskuren gidan shi ne ɗauka cewa allura ɗaya ta gama magana. Ba su kaɗai suka yi wannan ɗaukar ba. Michiaki Takahashi ya samar da allurar a Japan a 1974, Amurka ta fara amfani da ita a 1995, kuma ita ma da allura ɗaya ta fara. Kafin nan kusan mutum miliyan 4 ke kamuwa a can duk shekara, 100 zuwa 150 su mutu. Adadin ya faɗi ƙwarai, amma cutar ta ci gaba da ɓarkewa a makarantun da kusan kowa ke da allura. A wani gidan rainon yara a jihar New Hampshire, binciken da aka wallafa a 2002 ya gano kariyar allura ɗaya kashi 44 cikin 100 ce kawai. Da irin wannan bin diddigi aka koma allura biyu a 2006, ta farko a wata 12 zuwa 15, ta biyu a shekara 4 zuwa 6. Da aka tattara binciken ƙasashe daban daban a 2016, allura ɗaya ta ba da kariyar kusan kashi 81 daga kamuwa da kusan 98 daga mai tsanani, biyu kuma kusan 92 daga kamuwa.

Ko ƙarfin allurar yana raguwa da shekaru, kamar yadda maigidan ya yi zato? A nan masana ma ba su zama baki ɗaya ba. Bayanan yankin Antelope Valley na Kalifoniya, da aka wallafa a 2007, sun nuna kamuwa tana ƙaruwa gwargwadon nisan shekarun allurar. Wani binciken kuma a Kalifoniyar ya bi yara 7,585 da aka yi wa allura a 1995 har shekara 14, ya sami kariyar kusan kashi 90 ba alamar raguwa, kuma cikin waɗanda suka karɓi ta biyu ba wanda ya kamu. Littafin gida mai mutum tara ba zai raba wannan gardama ba, kuma duk wanda ya fitar da kashi cikin ɗari daga yara huɗu yana yaudarar kansa ne. Game da yarinyar mai ƙuraje 38, ba za a iya cewa shekaru bakwai da rabi ne suka ci ƙarfin allurarta ko tazarar kwana 15 ce ta hana ta kama tun farko ba. Ni na fi karkata ga tazarar, domin tagwayen da aka yi wa allura rana ɗaya da ita sun fi ta tsira, amma karkata ce kawai.

Abin da ya yi aiki a gidan shi ne ƙirga ƙuraje maimakon a ce ya kamu ko bai kamu ba, da ba masu lafiya shafinsu, da dogaro da hatimi maimakon tunani. Abin da ya gaza shi ne warewa bayan ƙurji ya fito, da maganin kemis na farko, da neman allura a makare ga wanda ya fi kowa buƙatarta. Saurayin nan da an tambaye shi tun ranar 26 ga Fabrairu ko ya taɓa yi, da an sami mako biyu na nema kafin ya ɗauki yaron a kafaɗa.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a matsayarta ta 2014, ta ce ƙasar da za ta saka allurar cikin jerin rigakafinta ta tabbata za ta iya kai ta ga aƙalla kashi 80 na yara ta kuma ci gaba da sa ido, in ba haka ba cutar kan koma kan manya inda ta fi kisa. Najeriya ba ta shiga wannan tsari ba, don haka bibiyar yaran da aka yi wa a asibitin kuɗi ta rage kan iyayensu. A gidan nan littafin yana hannun uwargida, hotunan katunan suna wayar nas ɗin, kuma an sa allurar jaririyar ta biyu a Yunin 2028, lokacin da za ta cika shekara huɗu.